Ƙusa ko gam: yadda ake kafa layin ƙaramin jirgin ƙasa a kan katako

Tambaya: "Assalamu alaikum. Yayana da ke zaune a Ingila ya kawo mini ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, ƙirar Hornby, tare da guntayen layi da wasu dogaye masu lanƙwasuwa. Na sa kafinta ya yi mini teburi da filawud mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4, na shimfiɗa layin na buga masa ƙananan ƙusoshi. Da can da nake jera shi a kan tayil, jirgin yana tafiya lafiya lau, amma yanzu yana sauka daga layi a kwana, ƙararsa kuma ta cika ɗaki. Wani ya ce in cire ƙusa in sa gam. Wanne ne daidai? Ina zaune a Kaduna."

Wa alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka, abu biyu ne ke damunka, wato saukar jirgi da yawan ƙara, kuma kana so ka san ko sauya ƙusa da gam zai magance su. Amsata a taƙaice ita ce ƙusa da gam kowanne yana da lokacinsa: ƙusa ta riƙon ƙwarya ce yayin da ake gwaji, gam kuma na zaman dindindin ne bayan an gamsu. Sai dai akwai abu na uku da ba ka ambata ba, wanda a wurina ya fi waɗannan biyun nauyi, shi ne cewa katakon da ka kafa layin a kansa yana motsi gwargwadon yanayin shekara, kuma a gari irin Kaduna motsin ba kaɗan ba ne.

Bari mu fara da sanin abin da ke hannunka. Jiragen Hornby na ma'aunin da ake kira OO ne, wato an rage girman jirgin gaske sau 76, tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon biyu kuma milimita 16.5 ce. Wannan tazarar ita ce ta ma'aunin HO da ake amfani da shi a Amurka da yawancin Turai, inda ake ragewa sau 87. In ka ninka 16.5 sau 87 za ka samu kusan milimita 1435, wato faɗin sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, saɓanin tsohon layin da ya iso Kano a 1911 mai faɗin milimita 1067. Na kawo wannan lissafi ne don ka ga ƙanƙantar abin da muke aiki da shi. Kuskuren rabin milimita a teburinka daidai yake da kuskuren kusan santimita 4 a layin gaske, kuma babu injiniyan da zai bar jirgi ya bi layin da ya tsuke haka.

Abin da ƙusa ta yi wa layinka

Ɗauki guntun layi guda ka duba shi da kyau. Ƙarafan biyu suna zaune ne a kan jerin 'yan sandunan roba da ke kwance a gicciye, waɗanda zan riƙa kira matasai, kuma wasu 'yan ƙananan haƙora ne ke riƙe da gindin ƙarfen a kan kowane matashi. In aka buga ƙusa a tsakiyar matashi aka danne ta da guduma har kanta ya nutse, tsakiyar matashin sai ta lotsa, gefunansa biyu su ɗago, ƙarafan su karkato ciki suna fuskantar juna. Ido ba ya ganin wannan sai an tsuguna an hango layin daga daidai bisansa, amma ƙafar jirgi tana jinsa nan take. A miƙaƙƙen layi jirgin kan wuce da ɗan girgiza, a kwana kuwa, inda bakin ƙafar ya riga ya jingina da ƙarfen waje, sai ya hau kansa ya faɗa. Ina kyautata zaton wannan ne ya same ka, musamman in ƙusar kafinta ka yi amfani da ita, domin ko mafi ƙanƙantarta ta fi ƙarfin hudar matashi, takan ma tsaga shi.

Dalili na biyu da ya kamata ka bincika shi ne mahaɗa. A kan tayil guntayen layin suna da sakewar da za su daidaita kansu, amma da ka kafe su, duk wata 'yar karkata da ke wurin haɗuwar guntaye biyu ta zauna daram. Ka bi kowace mahaɗa da ɗan yatsa. In ka ji tudu, to ƙarfen bai shiga cikin ɗan maɗaurin da ke haɗa su ba, ya hau kansa ne. In kuma ka ga kwanar ta karye kamar gwiwar hannu maimakon ta tafi sumul, to an tilasta wa da'irar rufewa ne da ƙarfi. Guntayen kwana suna zuwa da lamba: ta 1 tana da nisan milimita 371 daga cibiya, ta 2 tana da 438, ta 3 tana da 505, ta 4 kuma kusan 572. Yawancin manyan kawunan jirgi na zamani ba a ƙera su don su bi ƙasa da lamba 2 ba, saboda haka ka duba takardar da ta zo da naka kafin ka ɗora wa ƙusa laifin duka. Faɗin teburinka milimita 1220 ne, lamba 2 da lamba 3 za su zauna a kansa da sarari, lamba 4 kuwa za ta kai ka gab da baki, inda faɗuwar jirgi ke nufin faɗuwa ƙasa.

Ita kuwa ƙara, bayaninta mai sauƙi ne. Faifan filawud da aka ɗora a kan firam babu abin da ya raba shi da fatar ganga, ƙusa kuma ita ce ke ɗaukar rawar ƙafafun jirgi ta kai ta cikin katakon kai tsaye. Tayil yana manne da siminti, shi ya sa ba ya amsawa.

Wajen cire ƙusoshin ka bi a hankali. Ka sa ɗan siririn katako ko kwali mai kauri a gefen layin ya zama madogarar filaya, kada ka dogara a kan ƙarfen dogon, domin haƙoran da ke riƙe da shi ba sa jure ja. Guntun da matasansa suka lotsa ƙwarai ka ware shi don layin ajiye tarago, kada ka mayar da shi kwana.

Katako yana numfashi

Yanzu ga abin da na ce ya fi nauyi. Ƙarfen layin zamani gauraye ne na tagulla da nikel da zinki, kuma kamar kowane ƙarfe yana miƙewa da zafi. Dogon layi mai lanƙwasuwa irin na kamfanin Peco tsawonsa milimita 914 ne, in zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 20 zai ƙara kusan milimita 0.3. Wannan kaɗan ne a guda ɗaya, amma in an jera goma kai da kai babu tazara, ya zama milimita 3, kuma dole ya nemi inda zai tafi. Shi kuwa katako ba zafi ne ya fi damunsa ba, laima ce. Da damina yana shan danshin iska ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. Mu da ke fita daga ruwan Agusta mu shiga busasshiyar iskar Janairu ba mu da damar wuce wannan batu da sauri.

Na koyi wannan ne a teburina na farko. Na shimfiɗa layin a tsakiyar damina, na matse kowace mahaɗa har ba a ganin tsaga, na ji daɗin yadda jirgin ke wucewa shiru. Har ƙarshen shekara babu matsala. Wata rana da azahar a watan Maris na shiga ɗakin, wanda rufin kwano ne, na tarar miƙaƙƙen layin da ke gefen taga ya karkace kamar maciji, ya fizge kansa daga haƙoran matasai kusan goma sha biyu. Abin da ya faru shi ne katakon ya kai matuƙar bushewarsa bayan watannin hunturu, ƙarfen kuma ya kai matuƙar miƙewarsa saboda zafin bazara, abu biyun suka haɗu a lokaci guda. Tun daga ranar nake lissafi da kalanda. In zan shimfiɗa layi a Maris ko Afrilu, tazara kaɗan nake bari, kamar kaurin takarda, domin a lokacin ne mahaɗa ta fi matsewa a duk shekara. In kuwa a Yuli ko Agusta ne, sai in bar kusan rabin milimita a kowace mahaɗa ta miƙaƙƙen layi, in cusa ɗan kati mai kauri tsakanin ƙarafan in zare shi bayan an kafa.

Wannan ne ma ya sa ƙa'idar kafa layi ta zama a riƙe matasai a bar ƙarfe ya zame a cikin haƙoransa. Duk abin da zai manne ƙarfen da matashi, kamar gam mai kamawa nan take da ake sayarwa a ƙananan bututu, ka nisanta shi da layinka.

Kafin ka mayar da layin, ka gyara teburin kansa. Filawud mai kaurin milimita 9 ko 12 ya isa, muddin akwai sanduna a ƙarƙashinsa kowane santimita 30 zuwa 40, in ba haka ba tsakiyarsa za ta lotsa da kaɗan-kaɗan. Ka shafe shi da fenti ko banish sama da ƙasa da gefuna huɗu. Mutane da yawa sama kawai suke shafawa, sai ƙasan ya riƙa shan laima shi kaɗai, faifan ya bankare. Kuma kada ƙafafun teburin su jingina da bango ko ƙasa mai danshi, saboda gara.

Shimfiɗa da gam

Tsakanin layi da katako ana sa shimfiɗa mai ɗan laushi, mai kaurin kusan milimita 3. Aikinta biyu ne: tana rage ƙara, tana kuma ɗaga layin ya yi tudu kamar na gaske. Abin da aka saba amfani da shi shi ne kok, wato ɓawon wani itace da ake toshe kwalba da shi, wanda ƙasar Fotugal ta fi kowa samarwa. A wurinmu akan same shi faifai-faifai wajen masu kayan gyaran mota, domin da shi ake yanka gasket. In bai samu ba, siririyar robar nan mai laushi da masu haɗa takalma ke sa wa a tafin takalmi tana aiki, ni ma da ita na yi teburina na yanzu, sai dai ka zaɓi faifan da kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ka yanka shi tsiri-tsiri, ka raba kowane tsiri biyu a tsaye don ya bi kwana ba tare da ya tattare ba, ka manna rabi-rabi a gefen layin fensir da ka zana a matsayin tsakiyar dogo. Bayan ya bushe ka bi kansa da sanfefa da aka naɗe a guntun katako, musamman wurin haɗuwar tsiri da tsiri.

Gam iri uku ne za ka ci karo da su. Farin gam na kafintoci shi ne mafi sauƙin samu, yana ba ka mintoci na gyara kafin ya kama, kuma in ba mai jure ruwa ba ne, ruwan ɗumi yana sassauta shi ran da ka so ɗaga layin. Aibinsa shi ne yana bushewa da tauri, saboda haka yana mayar da wani kaso na ƙarar da shimfiɗa ta rage. Gam mai ƙarfin wari na masu takalma, wanda ake shafa wa fuska biyu a jira ya sha iska, yana da kyau wajen manna shimfiɗa da katako, amma ban yarda da shi a ƙarƙashin layi ba, domin da zarar ya taɓa ya kama, babu damar gyara kwana, kuma yana narkar da farin soson da ake kunshe kayan lantarki da shi in da shi ka yi tuddai. Na uku shi ne gam mai zama kamar roba bayan ya bushe, irin Copydex da ake amfani da shi a Ingila, ko abin toshe tsagar bango na akirilik da Amurkawa suka fi so. Wannan shi na fi so, domin yana riƙewa, yana shanye ƙara, kuma wuƙar fenti siririya tana ɗaga layin ba tare da ɓarna ba. Ko wanne ka samu, siririn shafi ake yi, har kana hango layin fensir ta cikinsa. In gam ya bulbulo tsakanin matasai, ya yi yawa.

Tsarin da nake bi shi ne wannan. Da farko ina jera layin duka a kan shimfiɗa ba gam, in riƙe shi da ƙusoshin layi na ainihi, waɗanda sirara ne kamar allura, ko da fil ɗin manna takarda a allo, in soka shi tsakanin matasai biyu kansa ya danne su. In ƙusar layi ce, ina fara huda matashin da ɗan abin huji na hannu mai bakin da bai kai milimita 1 ba, in tura ƙusar da filaya, in tsaya tun kanta bai taɓa matashin ba, yadda takarda za ta iya shiga tsakani. Daga nan sai gwaji, kuma a nan ne nake roƙonka haƙuri. Ka yi mako guda ko biyu kana tuƙa kowane kan jirgi da kowane tarago, gaba da baya, a hankali da gudu, musamman turin dogon jeri da baya ta kan masauyin layi, wato inda dogo ke rabuwa biyu, domin shi ne ke tona duk wani aibi. Sai ka gamsu sannan ka zana gefen matasai da fensir, ka ɗaga layin kashi-kashi, ka shafa gam, ka mayar bisa zanen, ka ɗora miƙaƙƙen katako a kai, ka danne da gwangwanayen madara ko littattafai har kwana guda. Da hunturu gam yana yin fata da wuri, saboda haka kada ka shafa fiye da tsawon layi ɗaya a lokaci guda. Washegari ka zare ƙusoshin duka, ka kuma bi teburin da maganaɗisu, domin injin jirgin yana da nasa maganaɗisun, kuma ƙusa ɗaya da ta ɓace tana iya shigewa cikin haƙoran giyarsa.

Dogon layi mai lanƙwasuwa yana da nasa hali. In ka lanƙwasa shi, ƙarfen ciki zai fito ya fi na waje tsawo, sai ka yanke rarar da zarto mai ƙananan haƙora ka goge bakin da fayil. Kullum yana neman miƙewa, kuma a mahaɗa yake samun dama, shi ya sa in mahaɗa za ta faɗo a tsakiyar kwana nake liƙe ta da dalma tun layukan biyu suna miƙe, sannan in lanƙwasa su tare kamar guda ɗaya. Tazarar numfashi sai in bar ta a miƙaƙƙen wuri. Ka kuma aske haƙoran matashin da ke ƙarƙashin maɗauri, in ba haka ba kaurin maɗaurin zai ɗaga ƙarfen ya yi tozo.

Masauyin layi, wato inda dogo ke rabuwa biyu, kada gam ya kusanci sandar da ke motsa harsunansa. Ni ɗigo kaɗan nake sa wa a ƙarshensa uku in bar sauran layin ya riƙe shi. In kana da niyyar sa masa injin juyawa daga ƙasa wata rana, ka huda ramin yanzu. Haka ma wayoyin wuta: tunda mun bar tazara a mahaɗa, ga kuma ƙurar hunturu, kada ka dogara da maɗauri ya kai wuta. Ka liƙa siririyar waya a ƙarƙashin kowane dogon ƙarfe kafin ka manna shi, ka zura ta ƙasan teburi ta haɗu da babbar waya. Duk mai gyaran rediyo zai nuna maka yadda ake liƙin cikin daƙiƙa biyu ba tare da robar ta narke ba.

Tsakuwar da ake zubawa tsakanin matasai kamar a layin gaske ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce ke kafe layin har abada, saboda haka kada ka yi gaggawarta. Ni ina so teburi ya ga damina ɗaya da bazara ɗaya tukuna. In lokacin ya yi, ana zuba ta a bushe, a share da buroshi mai laushi har ta sauka daga kan matasai, a fesa mata ruwa mai ɗigon sabulun wanke kwanuka, sannan a ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa rabi da rabi. In yashin rafi za ka yi amfani da shi, ka tace shi da matacin shayi ka ɗauki ƙwayar da ba ta kai milimita 1 ba, ka wanke, ka shanya, ka ja maganaɗisu a cikinsa, za ka yi mamakin baƙin garin ƙarfen da zai biyo shi. Ka sani kuma ƙara za ta ɗan dawo bayan gam ɗin tsakuwa ya bushe, amma in ka bar shimfiɗar ta fi tsakuwar faɗi, yadda tsakuwar ba ta taɓa filawud ba, dawowar ba za ta yi yawa ba.

Duk abin da na faɗa ya shafi layin OO da HO ne a cikin ɗaki, a kan teburin da ba a naɗewa. Layin da ya zo da tudun robarsa a jiki, irin na kamfanin Kato ko na Märklin, ba ya bukatar shimfiɗa, ɗigon gam nan da can ko ƙananan sukurori sun ishe shi. Teburin da ake rabawa gida biyu kuma yana bukatar a liƙe bakin ƙarafan a kan sukurorin tagulla a wurin rabuwar kafin a yanka. Sannan ban ga teburinka da idona ba. In ka cire ƙusa, ka daidaita mahaɗa, jirgin kuma ya ci gaba da sauka a ko'ina ba a wuri ɗaya ba, to ka juya shi ka auna tsakanin bayan ƙafafunsa biyu, ya kamata ka samu kusan milimita 14.5. In wuri ɗaya yake sauka kullum, ka sa alamar fensir a wurin, ka tura tarago ɗaya da yatsa a hankali kana kallon bakin ƙafarsa daga daidai bisan ƙarfe, ka rubuto mini abin da ka gani.